Sharhi kan yawon tsoffin hotuna a Stone Town, Zanzibar

Duk wanda zai je Zanzibar kuma yana son tarihi ya nemi irin wannan yawon, wanda ɗan rakiya zai riƙe jakar tsoffin hotuna yana kai ka daidai inda aka ɗauke su, kai kuma kana kwatanta da da yanzu. Ni a otal aka haɗa ni da kamfanin, kuɗin ba laifi gaskiya.

Namu ɗan rakiyar ya san aikinsa. A bakin teku gaban Beit al-Ajaib ya tsayar da mu, ginin nan da Sarki Barghash ya gina a 1883, ya ciro hoton fadar sarki bayan jiragen yaƙin Ingila sun yi mata ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai wuce minti 45 ba amma kusan mutum 500 na ɓangaren Sarki Khalid, wanda ya hau gadon sarautar Zanzibar ba da yardar Ingila ba, suka mutu ko suka ji rauni, ka ga katako da ƙarafa a zube mutane tsaye a kan baraguzai suna kallon kyamara. Ba mu shiga Beit al-Ajaib ɗin ba saboda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020.

Abin da ban sani ba sai ranar, masu ɗaukar hoton farko da yawa ba Turawa ba ne, mutanen Goa ne daga Indiya, irin su A. C. Gomes da 'yan'uwan nan Coutinho, tun ƙarni na 19 suka buɗe shaguna. Amma su wa ke saye? Jami'an mulkin mallaka da matuƙan jirgi da fatake masu aika kati gida Turai, to abin da mai saye ke son gani shi ake ɗauka. Nan ne raina ya ɓaci wallahi. Hoton sarki da sunansa, na Tippu Tip ɗan kasuwar bayi da hauren giwa da sunansa har gidansa aka nuna mana, amma matan da ke shanyar kanumfari da 'yan dako masu ɗauke da haure a kafaɗa ba suna ko ɗaya, sai dai a rubuta ƙabila ko sana'a a ƙasan katin. Akwai wata yarinya da tulu a ka, an tsayar da ita gaban labulen shago mai zanen itatuwa, ko murmushi babu, na daɗe ina kallonta. Ɗan rakiyar bai ɓoye wannan ba, shi ya fara faɗa ma, kuma ya ce yawancin na asalin suna ma'ajiyoyi a ƙasashen waje, su kwafi suke riƙe da shi.

Inda kamfanin ya gaza, an yi mana gaggawa a Mkunazini, wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873 aka gina coci a kai, alhali nan ne ya kamata a zauna a karanta bayanan da ke bango a tsanake, sai ga shi an ɓata lokaci a shagon tsaraba. Wasu kwafin kuma sun dushe, leda ta cinye su fuskoki ba sa fita.

Duk da haka zan ba su huɗu cikin biyar. Ku nemi na safe kafin rana ta take, ku sa takalmi mara tsini don lungunan garin ba sa wasa, kuma ku faɗa musu tun farko Mkunazini kuke son a fi daɗewa.