Kinder Scout da takalmin haya: na so in ba su tauraro biyar

Na ce bari in jira zuciyata ta huce kafin in rubuta wannan. Mako biyu ke nan ba ta huce ba, don haka ga shi. Maganar kamfanin nan ne da 'yan uwa da yawa a Sheffield suka sani, masu kai mutane yawon tsauni a yankin Peak District na Ingila duk Asabar, su haɗa ka da jagora, su ba ka hayar takalmi da rigar ruwa in ba ka da su. Ni da wani abokin aikina ɗan Zariya muka biya na zagayen tsaunin Kinder Scout a tsakiyar Nuwamba. Shi ya zuga ni. Wai tun yana sakandare yake hawa Kufena, Kinder da bai wuce mita 636 ba me zai yi mana. Ni kuwa iyakacin abin da na taɓa hawa shi ne Dala, shi ma ta matakala.

Zan fara da yabo, don haƙƙi ne. Jagorar da aka ba mu dattijuwa ce, ta kusa sa'ar mahaifiyata, amma ita ta riƙa jiran mu. Ta tarbe mu a tashar jirgin ƙasa ta Edale da ƙarfe 9, mu takwas. Muka ɗauki farkon hanyar Pennine Way, wadda ke tashi daga wannan ƙauyen ta miƙe mil 268 har Kirk Yetholm a Scotland. Muka ratsa filayen tumaki, muka kama matakalar duwatsun da suke kira Jacob's Ladder. A nan mai Kufena ya daina magana.

Bakin tsaunin ya cancanci wahalar. Duwatsu ne baƙaƙe masu kaushi, iska da ruwa sun sassaƙe su kamar an ɗora faifai a kan faifai. Da na shafa ɗaya sai na tuna dutsen niƙan kakata, ashe ban yi kuskure ba. Dattijuwar ta ce da irinsa ake yin duwatsun niƙa a da, kuma in na je Stanage Edge kusa da Hathersage zan tarar da waɗanda aka sassaƙa aka watsar, suna kwance a gindin dutsen har yau. A Kinder Downfall, inda ruwa ke faɗowa mita 30, iskar yamma ce ta riƙa mayar da ruwan sama yana feso mana a fuska. Gani ya kori ji. A wurin na ce mata zan yi azahar. Ba ta nuna mamaki ba, ta nemo mini lungu a bayan wani dutse inda iska ba ta kai, ta ciro kamfas ta nuna mini kudu maso gabas, ta zaunar da sauran shan shayi har na idar. A raina na ce waɗannan sun ci tauraro biyar.

To, ga inda aka samu matsala. Da safe, yaron da ke rabon kaya a bayan mota ya miƙo mini takalmin da bakinsa ya ɗan buɗe ta wajen yatsu. Na nuna masa. Ya danna da babban yatsa, ya ce ba komai, haka suke yi, kuma babu wani mai lambata. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Saman Kinder ba tsini ba ne, shimfiɗaɗɗen fili ne na baƙar ƙasa mai laushi, ruɓaɓɓen gansakuka da ciyawa na dubban shekaru, cike da ruwa kamar soso. Ruwa ya tsattsaga shi ya yi kwazazzabai, wasu sun fi tsayin mutum, kuma duk kamarsu ɗaya. Daga Downfall muka bar bakin tsaunin muka yanki tsakiya don mu ɓulla ta kwarin Grindsbrook. Ba mu yi rabin sa'a ba hazo ya rufe mu. Kada ku kawo hazon hunturunmu mai ƙura a ranku, wannan jiƙaƙƙe ne, yana shiga ƙashi, ba ka ganin wanda ke taku goma a gabanka. Waya kuwa babu sabis. Na hango wani wuri kore shar, na ɗauka ciyawa ce mai tauri, na taka. Ƙafata ta dama ta nutse har cinya. Abokina ya kama ni ta hammata ya ja, ƙafa ta fito, saman takalmi ya fito, ƙasansa ya zauna a can cikin taɓon. Mun zura hannu har gwiwar hannu ba mu same shi ba. Daga ni sai jiƙaƙƙiyar safa, ga tafiyar sa'o'i a gaba, ga rana tana faɗuwa da ƙarfe 4 da 'yan mintoci.

Wallahi na tsorata, ba zan ɓoye ba. Yatsuna sun fara mutuwa. Ita ko a jikinta. Ta zaunar da ni a kan jakata, ta ciro busasshiyar safa daga tata jakar, ta sa mini leda a kai, ta ɗauko ɗan soson da take zama a kansa ta yanka da wuƙa daidai tafin ƙafata, ta naɗe shi da takalmin da wani baƙin salatif mai ƙarfi. Ta ce in wannan bai riƙe ba sai a nemi inda ake samun sabis a kira 999 a turo masu ceto na tsauni, waɗanda 'yan sa-kai ne, kuma kafin su iso dare ya yi. Daga nan ta ɗora kamfas a kan taswira, ta riƙa ƙirga taku a hankali, mu kuma muna bin ta a jere kamar 'yan tsaki.

Don ta ɗauke mini hankali sai ta shiga ba ni labarin wurin. Wai a da duk filin nan na masu farautar wani tsuntsu ne mai kama da fakara, talaka bai isa ya taka ba. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan ma'aikata, akasarinsu daga Manchester, suka taso ta Hayfield suka hau da gangan, suka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar, har da jagoransu Benny Rothman. A 1951 kuma Peak District ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya. Ina ɗingishi ina cewa a raina, wato mutane sun yi zaman kurkuku don a ba ni damar faɗawa wannan taɓon. Da fitilar goshi muka sauko ta duwatsun Grindsbrook, salatif ɗin ya riƙe har ƙasa. Allah ya saka wa matar nan.

Da a nan aka tsaya, da na rage tauraro ɗaya kawai saboda takalmin na yi shiru. Ranar Litinin sai ga imel, wai ba za a mayar mini da kuɗin ajiyata ba, domin na lalata musu kaya. Ni! Na rubuta musu abin da ya faru, suka ce yaron bai tuna na nuna masa komai ba. Allah ya sa abokina ya ɗauke mu hoto a tasha da safe, da aka faɗaɗa hoton sai ga bakin takalmin a wangale. Na tura musu. Kwana huɗu shiru, sannan aka amsa da cewa za a yi mini rangwame a tafiya ta gaba. Wace tafiya? Takalmin da ya kusa sa a ɗauko ni a kan makara, ni ne kuma zan biya kuɗin jana'izarsa.

Yanzu da nake rubutu ma sai sauran abubuwan suke dawo mini. Rigar ruwan da suka ba ni ta kafaɗa take yoyo, tun kafin Jacob's Ladder rigata ta ciki ta jiƙe. Kuma a tallarsu sun ce zagayen ya dace da sabon shiga. Sa'a bakwai cikin taɓo da hazo a watan Nuwamba, wane sabon shiga? Akwai wata baiwar Allah a cikinmu da kuka kawai ba ta yi ba. Tauraro biyu zan ba su, dukansu biyun kuma na dattijuwar ne.

Na sayi takalmina na kaina, in Allah ya kai mu lokacin zafi zan hau jirgi zuwa Hathersage in ga duwatsun niƙan nan na Stanage. Safarta kuwa na wanke na ninke tana cikin jakata. Ba zan bayar ta ofishinsu ba, kada a ce ita ma na lalata.