Badagry ko ganuwar Eredo: wanne ya dace da mutum takwas a yini ɗaya?

Malam, abin da ka tambaya shi ne: baƙi sun zo maka Legas daga Kano, ku takwas ne har da Hajiya mahaifiyarka da yara uku, Asabar ɗaya tak gare ka, kuma masu shirya yawon buɗe ido sun ba ka zaɓi biyu, kowanne da mota da ɗan jagora: Badagry, ko ganuwar Sungbo da ake kira Eredo. Ka ce kai dai tsohon kufai na gaske kake so su gani.

To, in tsufa ake bi, babu haɗi. Eredo ce kufai. Gine-ginen da ake nunawa a Badagry kusan duk na ƙarni na 19 ne: benen mishan da ake kira bene na farko a Najeriya an gama shi a 1845, kurkukun bayi na Seriki Williams Abass na shekarun 1840 ne, gidan tarihin garin kuma tsohon ofishin Di'o ne na 1863. Duk wanda ya taso yana wucewa ta Gidan Makama ko Ƙofar Mata ba zai kira wannan tsufa ba. Eredo kuwa, Patrick Darling, Baturen Ingila da ya bi ta yana aunawa a shekarun 1990, ya sa ta tsakanin shekara ta 800 da ta 1000. Haƙon da aka yi daga baya kusa da Ijebu-Ode ya dawo da ita wajen ƙarshen ƙarni na 14 ko farkon na 15. Ko wanne ka ɗauka, sa'ar ganuwar Kano ce, ba sa'ar bene ba. Tun 1995 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO.

Sai dai kada baƙinka su tafi da hoton badala a ransu. Ganuwar Kano sama aka ɗaga ta da ƙasa, kana hango ta daga titi. Eredo ƙasa aka yi da ita: an haƙa rami mai zurfi cikin jan marmara, aka tara ƙasar da aka kwaso a gefen ciki ta zama tudu. A wasu wuraren daga gindin ramin zuwa kan tudun ya kai mita 20, bangon ramin a tsaye kamar an yanka da wuƙa, gansakuka ta lulluɓe shi, itatuwa sun haɗe ta sama har rana ba ta sauka sosai. Tsawonta ya kai kilomita 160, ta zagaye tsohuwar ƙasar Ijebu daga wajen Epe ta jihar Legas har cikin jihar Ogun. Amma duk wannan girma a takarda yake. Abin da idonka zai gani a yini ɗaya bai wuce 'yan mitoci ɗari ba, cikin kurmi, kuma kana iya tsayawa taku ashirin daga bakin ramin ba ka san yana nan ba.

Wannan ne ya sa aikin ɗan jagora ya bambanta a wuraren biyu. A Badagry kayan da kansu suna magana. Za a miƙa wa yaro sarƙar wuya ya ɗaga ya ji nauyinta, ya ga mari da takunkumin ƙarfe da ake sa wa bawa a baki, ya shiga ɗakin kurkukun da bai fi shagon mai kayan masarufi ba, mai 'yar taga ɗaya can sama, a ce masa mutum arba'in ake cusawa a ciki. Ko ɗan jagoran bai iya komai ba, an ga abin gani. Kuma kowane gida yana da nasa mai bayani, gidan tarihin iyalan Mobee da nasa, gidan Seriki Abass da nasa, don haka wanda ya taho da ku daga Legas aikinsa bai wuce sayen tikiti, tsara lokaci da fassara ba. A Eredo kuwa babu allo, babu akwatin gilashi, babu mai tikiti a mafi yawan mashigai. In wanda ya kawo ku bai san inda ramin ya fi zurfi ba, bai san ta inda ake sauka ba, bai san wa ake gaisarwa a ƙauye kafin a shiga ba, to kun biya kuɗin mota ne ku ga kwazazzabo.

Ga hanya mai sauƙi ta gwada shi tun a waya. Ka tambaye shi wace ce Sungbo. Mutanen Ijebu suna cewa wata attajira ce mara ɗa, Bilikisu Sungbo, ta sa aka haƙa ramin don a riƙa tunawa da ita, kabarinta kuma yana Oke-Eri kusa da Ijebu-Ode. Wasu suna ƙarawa da cewa ita ce Sarauniya Bilkisu ta zamanin Annabi Sulaiman, alaihis salam. Ɗan jagoran kirki zai ba ka labarin a matsayin abin da mutanen gari suka gada, sannan ya gaya maka tsakanin wancan zamani da haƙa ramin akwai tazarar kusan shekara 2,000 ko fiye. Wanda ya rantse maka cewa ita ce ɗin, babu tantama, mai tatsuniya ne, kuma yaran da suka yi karatun Suratun Namli za su koma gida da ruɗani. Sai ka bi da tambaya ta biyu: ta wane gari za mu shiga, kuma wa zai tarbe mu a can? In ya ce "sai mun je", ka ajiye waya.

Akwai abu ɗaya game da Oke-Eri da ya shafe ka kai tsaye: al'adar wurin ta hana mata shiga inda kabarin yake. Hajiya da sauran matan za su tsaya waje bayan doguwar tafiya. Masu tallar yawon ba kasafai suke faɗin wannan ba sai an isa.

Batun jiki kuma, nan ne nake ganin zaɓinka ya yanke kansa. A Badagry gidajen tarihin suna kusa da juna a bakin ruwa, ƙasa a shimfiɗe, akwai inuwa da wurin zama, akwai masallatai don azahar. Wahala ɗaya ce: tsibirin Gberefu. Za a tsallaka ruwa a jirgi, 'yan mintuna ne, sannan a taka da ƙafa cikin rairayi kamar minti 20 zuwa 30 kafin a kai bakin teku inda ake loda bayi, a wuce ta rijiyar da ake cewa ruwanta ake ba su don su manta gida. Zuwa da dawowa, cikin rana, babu inuwar kirki. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ta zauna a gari da mutum ɗaya, ba ta yi asarar komai ba, don mafi yawan abin gani a cikin gari yake. A Eredo babu irin wannan rabo. Ko dai ka sauka ramin, kana dafa saiwa, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin takalminka, ko ka zauna a mota. Silifas da doguwar riga ba sa yi. Ana bukatar takalmi rufaffe mai ƙasan roba, dogon wando, maganin sauro, ruwa lita biyu kowane mutum, da buta da darduma, don salla tana iya riskar ku a daji. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuwa gindin ramin taɓo ne da ruwa kwance, marmara in ta jiƙe santsi gare ta kamar sabulu, ciyawa ta rufe hanya, ga macizai. Lokacinta daga Nuwamba ne zuwa Maris. Badagry ana zuwa ko da damina, illa dai in hadari ya haɗo a fasa tsallaka ruwan.

Yanzu girman ayari, tunda duka biyun sun ce maka "ƙaramin rukuni". Wannan kalma ba ta da ma'auni, don haka kada ka tambayi mutum nawa ne, ka tambayi wace mota ce. Sienna tana ɗaukar bakwai, Hiace sha huɗu, Coaster kusan talatin. Ku takwas kun fi ƙarfin Sienna, Hiace ce taku. In an ce Coaster, haɗa ku za a yi da wasu ashirin, kuma ga abin da zai faru: ɗakin kurkukun Seriki Abass ba ya ɗaukar mutum talatin, sai a raba ku kashi uku, na ƙarshe su sami bayani a gurguje, jirgin Gberefu sai ya yi sawu biyu ko uku, na farko suna gasuwa a rana suna jiran na baya, a wurin tashi kuma mutum ɗaya ya makara, duk kun makara. A Eredo abin ya fi muni, don hanyar cikin ramin ta mutum ɗaya ce, a jere ake tafiya, na goma sha biyar a layi ba ya jin ko kalma ɗaya daga bakin ɗan jagora. Tunda ku takwas ne, ka nemi a ba ka farashin shatar Hiace gaba ɗaya, ka raba takwas, ka kwatanta da kuɗin kujera-kujera. Sau da yawa bambancin bai kai ya sa ka haƙura da ikon cewa "mu tsaya mu yi salla" ba.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa, ɗaya bayan ɗaya. A Badagry babu tikiti ɗaya da ke buɗe ko'ina. Kowane gida da nasa kuɗin shiga, jirgi da nasa, wani wurin har ɗaukar hoto ana karɓar wani abu. Mai arahar farashi yawanci mota kawai ya lissafa, sauran sai a bakin ƙofa za ka ji, ga baƙi tsaye suna kallonka, ba ka iya ciniki. Araha ba ta ado. Ka tambaya musamman ko kuɗin jirgin na zuwa da dawowa ne, kuma ko akwai rigar kariya ga kowa, har da mai girman yara. Dokar hukumar ruwa ta Legas ce kowane fasinja ya sa, amma rigar babba a jikin ɗan shekara bakwai in ya faɗa ruwa ta kansa take zarewa. A Eredo kuɗin da ba a rubutawa shi ne na ɗan gari mai share hanya da adda, da ɗan abin gaisuwa ga dattawan ƙauye. Ka ji tun a Legas aljihun wa zai fito. Kuma ka tafi da tsabar kuɗi ƙanana, kada ka dogara da tura kuɗi ta waya a wurin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa.

Harshe ma abin tambaya ne. Bayanin Badagry da Turanci ko Buroka ake yi, mutanen gari kuma Egun da Yarabanci suke yi. A ƙauyukan Eredo Yarabancin Ijebu ne. Da wuya ka sami mai bayani da Hausa a ko'ina cikinsu, don haka ka naɗa mutum ɗaya cikinku ya tsaya kusa da Hajiya yana fassara, ka kuma gaya wa ɗan jagora ya riƙa dakatawa bayan kowace magana biyu ko uku. A motar shata zai yarda. A Coaster ba zai tsaya don mutum ɗaya ba.

Hanya duk biyun tana cin awa biyu zuwa uku daga Agege ko Mile 12, in an yi sa'a. Ta Badagry ita ce ta Mile 2, Alaba Rago, Okokomaiko, Agbara, kuma daga Agbara zuwa gaba shingayen bincike ne jere saboda kan iyakar Seme: 'yan sanda, kwastam, jami'an shige da fice. Kowane babba ya riƙe katin shaida, direba kuma takardunsa su cika, in ba haka ba shinge ɗaya ya cinye muku awa. Ta Eredo ana bin Ikorodu zuwa Itoikin a faɗa Epe, ko ta Lekki ga wanda ke Obalende ko Ajah, Oke-Eri kuma ta fi sauƙi ta Shagamu zuwa Ijebu-Ode. In baƙin naka na hutun babbar salla ne, ka kauce wa kwana na uku bayan salla, ranar bikin Ojude Oba, don Ijebu-Ode ba ta shiguwa. Abincin rana ba matsala ba ne a Epe, garin Musulmi ne sosai kuma kifi ya wadata.

Wani zai ce maka ga Dutsen Olumo a Abeokuta, har jirgin ƙasa yana zuwa daga Agege. Wurin yana da kyau, amma dutse ne da mutanen Egba suka fake a ƙarƙashinsa wajen 1830, ba kufai ba ne.

Da wannan ayarin, Badagry zan ce ka ɗauka, a Hiace ta shata. Eredo ka ajiye ta sai rani, ku huɗu ko biyar majiya ƙarfi, da ɗan jagoran da ya amsa tambayoyin nan biyu ba tare da kame-kame ba. Ranar Badagry ku tashi da an sallame asuba, ku nemi a juya tsarin da aka saba: a fara da Gberefu wajen ƙarfe tara tun rairayi bai ɗau zafi ba, Hajiya tana hutawa daga gajiyar hanya, sannan a shiga gidajen tarihi da rana ta take, tare da ita. Ƙarfe uku da rabi ta same ku cikin mota, don gosulon Agbara zuwa Okokomaiko da yamma ba ya sanin Asabar.