Ƙyauren gareji mai hana zafi: na ƙarfe ko na katako?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya shekaranjiya. Ya mayar da garejin gidansa shagon ɗinki, bakin ƙofar faɗin ƙafa 8 ne, tsayi ƙafa 7, yana kallon yamma, kuma a kan titi. Yana so ya haɗa ƙyaure biyu masu buɗewa waje waɗanda za su tare masa zafi da ƙura, ya rasa wanda zai kama tsakanin ƙarfe da katako. Na yi duka biyun a lokuta daban-daban, don haka ga abin da na gani.

Malam, tun da ka ce yamma, na san halin da kake ciki. A watan Afrilu, daga azahar zuwa bayan la'asar, fallen ƙarfe mai baƙin fenti ba ya taɓuwa da tafin hannu, kuma duk zafin nan ciki yake juye shi. Ƙarfe yana wuce da zafi fiye da katako sau ɗari uku ko fiye. Da a nan maganar ta tsaya, sai in ce nemi kafinta, mu tashi. To amma abin da ke tare zafin da gaske shi ne abin da ka cusa a cikin ƙyauren. Farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake samu a kwalin firij da talabijin, ana sayar da shi falle-falle. Mai kaurin santimita 4 yana yin aikin katako mai kaurin kusan santimita 15, nauyinsa kuwa a ƙyaure ɗaya bai kai kilo 2 ba. Kowanne ka zaɓa, shi za ka sa a tsakiya. Tambayar ta koma: wane firam ne zai riƙe soson shekara da shekaru bai lanƙwashe ba, bai kuma ɓata masa aiki ba?

A nan katako yake kan gaba. Firam ɗin katako shi kansa mai hana zafi ne, saboda haka ƙyauren gaba ɗaya yakan yi sanyi, ba inda zafi zai sulale. Na ƙarfe kuwa, in ka liƙa falle waje, falle ciki, duk a jikin fayif ɗaya, ka yi wa zafi gada. Na taɓa yin haka. Da la'asar in ka shafa ƙyauren ta ciki, tsakiya lafiya lau, amma duk inda fayif ya bi sai ka ji layin zafi, har kana iya zana firam ɗin da yatsa ido a rufe. Maganinsa ba wuya: ƙarfe a waje kawai, ciki kuwa filawud na milimita 6, a ɗaure shi da sukuru, a sa siririn katako ko zirin roba tsakaninsa da fayif. Da haka ƙarfe ya cimma katako, saura kaɗan.

Sauƙin aiki ma na katako ne. Kowane ƙyaure naka ƙafa 4 ne da ƙafa 7, fallen filawud kuwa ƙafa 4 da 8 yake zuwa, ƙafa ɗaya kawai za ka datse. Zarto, gam, sukuru da ƙusa sun ishe ka, ba ruwanka da jiran wuta. Na ƙarfe dole sai mai walda, kuma akwai ƙa'ida ɗaya da ba a tsallakewa: a gama walda kaf, har hinji da sakata da kunnen kwaɗo, a yi fenti ya bushe, sannan a sa soso. Ni na koya da tsada. Mun rufe ƙyaure, sai muka tuna ba a ɗora sakatar ƙasa ba, yaron mai walda ya ce ɗigon walda biyu ne kawai. Ɗigo biyun nan suka narkar da soson kusan kamu ɗaya, baƙin hayaƙi mai wari ya dinga fita ta gefe, muka kwance filawud muka sake. Fetur da tina ma narkar da shi suke yi, shi ya sa wasu ke jiƙa shi da fetur su toshe yoyon kwano. Kai mai ɗinki ne, ba damuwa. Amma wanda zai yi walda ko gyaran janareta a ciki, gara ya nemi audugar dutse (rock wool) a madadin soso, wadda ba ta ci da wuta, ko da ta fi tsada.

Ana cewa katako ya fi sauƙin nauyi. A wannan girman ba haka ba ne. Fallen ƙarfe na milimita 1 yana da nauyin kusan kilo 8 a kowace murabba'in mita, ƙyaurenka kuwa murabba'in mita biyu da rabi ne, kilo 20 ke nan. Ƙara firam da filawud, ka tashi wajen kilo 50. Na katako mai ƙwari, da filawud ciki da waje, nan wajen yake shi ma.

Inda suka rabu sosai shi ne yanayinmu. Katako yana shan laima yana kumbura da damina, yana bushewa yana tsukewa da hunturu. Ƙyauren da ka gyara daidai a watan Janairu, a Agusta sai da kafaɗa zai rufu. In ka fere shi a Agusta, Janairu na zuwa ƙura ta samu hanya. A ƙaramar ƙofar ɗaki ba a lura, a faɗin ƙafa 8 kuwa abin yana fitowa fili. Ga rana da ruwa suna ɓare filawud falle-falle daga ƙasa, ga gara. In ka je kasuwar 'Yan Katako a Na'ibawa, Kano, za ka samu maɗaci ko iroko waɗanda gara ba ta cika damunsu ba, sai dai kuɗinsu ba na wasa ba ne, kuma yawancin katakon kasuwa ɗanye ne, sai ka jingine shi a inuwa ya sha iska makonni kafin ka taɓa shi. Farin katako mai araha kuwa, araha ba ta ado. Ƙarfe ba ruwansa da wannan duka. Zafi yana miƙa shi, amma a tsayin ƙyaurenka bai fi milimita ɗaya ba. Abokin gabarsa tsatsa ce, tana kuma farawa daga fayif na ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Jan fenti na hana tsatsa kafin fentin sama, da ɗan rami biyu a ƙarƙashin fayif don ruwa ya fita, sun wadatar. A kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ka riƙe fayif ɗin da hannunka ka ji nauyinsa, don akwai mai kaurin takarda da ake ba wa wanda bai tambaya ba.

Maganar ɓarawo ba ta da tsawo. Ƙofar kan titi, ga kekunan ɗinki da yadin mutane a ciki, ƙarfe. Sai dai ƙyaure mai buɗewa waje hinjinsa a waje yake, ko na ƙarfe ne ko na katako. A walda guntun rodi biyu a gefen ƙyauren ta ɓangaren hinji, su shige rami a jikin firam ɗin bango idan an rufe. Ko an yanke hinjin, ƙyauren ba zai fito ba.

Abin da ya fi kashe irin wannan ƙofa, kowace iri ce, shi ne saukar baki: gefen da ke nesa da hinji ya sunkuya ya fara jan ƙasa. Hinji uku a kowane ƙyaure, da tokara a karkace. A na katako tokarar ta tashi daga kusurwar ƙasa ta wajen hinji ta nufi kusurwar sama ta wajen sakata; in aka juya ta, ƙusa ce kaɗai ke riƙe da nauyin. A na ƙarfe walda ta riƙe ko ta ina. Kuma duba bangon. Bulo mai rami ba ya riƙe kilo 50 mai lilo safe da yamma, sai an zuba kankare a ramukan ko an kafa ginshiƙin ƙarfe. A haɗa firam a kwance a daɓen da ba tudu ba kwari, a auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, awon ya zo ɗaya. Ido ba mudu ba ne, a nan kam kar a ce ya san ƙima.

Da garejin a cikin gida yake, ƙarƙashin rumfa, da katako zan ce maka ba tare da wani tunani ba. Naka yana kan titi yana fuskantar rana, don haka firam na fayif mai santimita 4, fallen ƙarfe a waje, soso a tsakiya an yanka shi ya matse ba rata, filawud a ciki. Fenti fari ko ruwan madara, ka bar baƙi da ruwan ƙasa duk da kyansu. Zirin roba a kewaye, da faffaɗan ƙarfe a bakin ƙyaure ɗaya ya hau kan ɗayan don rufe tsagar tsakiya, nan ƙurar hunturu ta fi shigowa. Ka tanadi ƙugiya a waje da za ta riƙe su a buɗe, don iskar hadari tana iya fizgar ƙyaure ta karya hinji a bugu ɗaya.

Kafin ka sayi komai, ɗaga kai ka duba sama. In kwano ne tsirara babu silin, zafin da ke sauko maka daga can ya fi na ƙofar, fara da shi. Kuma ranar da ƙofar ta zama ba ta shigar da iska, janareta waje zai kwana, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki.