Girafik na haɗe da mai zaman kansa: wanne ya ishi mai taɓa gem jefi-jefi?

Wani ɗan'uwanmu, ɗalibi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi, ya kawo tambaya. Laftof ta hannu yake nema don karatu, amma da daddare yakan so ya ɗan taɓa wasannin kwamfuta irin su PES ko GTA. An nuna masa biyu: HP EliteBook 840 G5 mai girafik na haɗe, da wata ta gem mai katin girafik mai zaman kansa, Nvidia GTX 1650, wadda kuɗinta ya yi wa ta farkon nisa. Ta farkon za ta ishe shi?

Ƙanena, za ta ishe ka, matuƙar ba sababbin wasanni ka sa a gaba ba.

Girafik shi ne ɓangaren da ke zana hoto a allon kwamfuta. Na haɗe a cikin firosesa yake zaune, ba shi da ma'adanar kansa. Kwano ɗaya suke ci da sauran ayyukan kwamfutar, wato RAM ɗinka, ma'adanar wucin-gadi ta kwamfuta. Ita wannan G5 ɗin firosesarta ta Intel ce zubi na takwas (8th Gen), girafik ɗinta kuma Intel UHD 620 na 2017. GTA San Andreas, Need for Speed Most Wanted na 2005, FIFA 14, PES 2017, duk za ta ja su ba gargada. GTA V kuwa sai ka sauke hoton zuwa 720p, ka rage inuwa da sauran ƙyale-ƙyale, sannan ka samu hoto wajen 30 a daƙiƙa, wani lokaci ƙasa da haka in motoci sun cika titi. Ana bugawa, ba dai daɗi sosai ba. FIFA 23 kam ka cire rai, don kamfanin da ya yi shi GTX 1050 Ti ya gindaya a matsayin mafi ƙaranci.

GTX 1650, wanda ya fito a 2019, da gigabait 4 nasa na kansa yake zuwa. GTA V a 1080p sumul yake tafiya, FIFA 23 ma yana tashi. Ta fuskar ƙarfi babu haɗi, kada wani ya ruɗe ka.

Sai dai ƙarfin nan da wuta ake biyansa, kuma mu a Bauchi mun san darajar wuta. Cajar EliteBook wat 45 ce ko 65, ƙaramar inbata ko solar ɗaki na riƙe ta. Ta gem cajarta kan kai wat 135 zuwa 150, ga ta jibgegiya. Da ka zare ta daga soket sai ta rage wa kanta ƙarfi, batirin kuma da ƙyar ya kai awa biyu ana wasa. Kana harabar jami'ar ta Yelwa ko ta Gubi, an ɗauke wuta tun la'asar, kana da aikin da za ka miƙa gobe, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne. Ga zafi. A Maris da Afrilu garin nan kan kusanci digiri 40, fankar na ta kuka, ƙurar hunturu ta riga ta toshe ragar baya, mutum kuma ya ɗora ta a kan katifa. In ta ɗau zafi dole ta sassauta gudu. Irin waɗannan na hannu ma sau da yawa sun sha wuya a wurin mai su na farko.

Yanzu sharaɗin da mutane ke tsallakewa. Tunda na haɗe daga RAM yake ci, sandan RAM biyu masu gigabait 4 kowanne sun fi masa sanda ɗaya ta gigabait 8, don hanya biyu ke buɗe masa. G5 tana da gurbi biyu, ka sa a buɗe bayan a gabanka ka gani. In ɗaya ne a ciki, ƙara na biyu shi ne gyara mafi araha da zai nuna a wasa. Hatta Iris Xe, girafik na haɗe na Intel wanda ya zo da zubi na 11 a 2020 kuma ya fi UHD 620 nesa, in sanda ɗaya ce a ciki ba ya ba da abin da ya kamata.

In da hali, ni tsakiya zan bi: mai Iris Xe kamar 840 G8, ko mai Ryzen 5 da Radeon Vega 8. Batir na nan, jaka ba nauyi, PES 2021 da GTA V kuma sun fi sakewa.

Kada tambarin firosesa na i7 ya ja ka. i7 na zubi na uku girafik ɗinsa HD 4000 ne na 2012, i5 na zubi na takwas ya fi shi. Haka zancen "girafik gigabait takwas" da wasu masu shago ke yi. Ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka danna GPU. In adadin a ƙarƙashin Shared yake, RAM ɗinka ne aka ƙirga maka, na kati a ƙarƙashin Dedicated ake ganinsa. Ka tafi da wasanka a filasha, ka roƙi mai shago a ɗora, ka buga kamar minti ashirin hannunka na kusa da ragar fanka, kafin ku fara ciniki.