Wata 10 Bayan Tiyatar Kafaɗa: Abin da Na Gani a Hannun Likitan Ƙashi

Da gangan na jinkirta rubuta wannan bayani har sai da na cika wata 10 da yin tiyata, domin wanda ya yabi likitan ƙashi mako 2 bayan aiki bai san abin da yake yabo ba tukuna, tunda hannunsa yana rataye a wuya kuma ainihin jinyar ba ta fara ba. Shekarata 54, kafaɗata ta dama ce ta samu matsala, kuma da hannun dama nake yin komai. Abin ya faro ne ranar da na miƙa hannu zan sauko da wani akwati mai nauyi daga saman kabad, ya suɓuce, na tare shi da hannu ɗaya, na ji kamar an ja wani zare ya tsinke a cikin kafaɗar. Na ɗauka targaɗe ne wanda zai wuce da kansa, sai ga shi wata 2 sun shuɗe ba na iya kwanciya ta ɓangaren dama, raɗaɗi yana tashe ni tsakar dare, kuma ɗaga hannu ya wuce kafaɗa ya zama aiki.

Abin da ya fara sa na amince da wannan likita shi ne bai kalli hoton da na zo da shi ba sai da ya gama duba ni. Ya fara da wuyana, yana juya shi dama da hagu, domin a cewarsa ciwon da ke fitowa daga ƙashin wuya yakan yi kama da na kafaɗa, sai dai shi yakan sauka har yatsu, alhali nawa yana tsayawa ne a gefen hannu, bai wuce gwiwar hannu ba. Daga nan ya sa na ɗaga hannayena biyu, manyan yatsuna suna kallon ƙasa, ya danna su a hankali, na hagu ya tsaya, na dama ya faɗi. Sai ya ɗauko wata kafaɗar roba da ke kan teburinsa ya nuna mini tsokoki 4 da ke tasowa daga allon kafaɗa, waɗanda jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin hannu suna riƙe shi a gurbinsa. Ta sama a cikinsu, wadda ake kira supraspinatus, ita ce ta fi yawan yagewa, kuma ita ce tawa da ta rabu da ƙashi. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna wannan, shi ya sa wanda na fara ɗauka ya fito lafiya lau, sai na MRI, wato hoton da ke nuna tsoka da jijiya, shi ne ya tabbatar da abin da hannun likitan ya riga ya gano.

Bai tura ni ɗakin tiyata da gaggawa ba, amma kuma bai ɓoye mini ra'ayinsa ba. Ya ce akwai dattawa da yawa da jijiyar kafaɗarsu ta yage saboda shekaru ba tare da sun taɓa jin ciwo ba, don haka ganin yagewa a hoto kaɗai bai isa dalilin yanka mutum ba. Tawa ta bambanta saboda rauni ne ya jawo ta, ta ratsa kaurin jijiyar gaba ɗaya, kuma jijiyar da ta rabu da ƙashi ba ta komawa ta manne da kanta. Idan aka bar ta ta daɗe, tana iya janyewa baya, tsokar ta rame kitse ya shige ta, gyaran ya yi wuya ko ma ya gagara. Da na nemi ya yi mini allurar kashe kumburi in huta, sai ya ce, "Malam, allurar za ta ba ka barci na 'yan makonni, amma ba za ta ɗinke komai ba, kuma idan muna tunanin aiki nan kusa ba na son in yi ta." Na roƙi a gwada gashin ƙashi tukuna, ya yarda da mako 6. Ciwon ya ɗan lafa, ƙarfin hannun bai dawo ba, na koma da ƙafata na ce a sa rana.

Kafin a sa ranar ya tambaye ni ko ina shan taba, ya kuma sa aka auna sukarin jinina, domin taba da ciwon sukari, tare da yawan shekaru da girman yagewar, suna cikin abubuwan da ke hana jijiya kama ƙashi bayan an ɗinke ta. Ya faɗa mini a fili cewa ɗinkin yana iya sakewa ko da an yi komai daidai, cewa kafaɗar tana iya sandarewa, kuma kada in sa ran jin daidai kafin wata 6 zuwa shekara. A lokacin na ɗauka yana tsorata ni ne don ya kare kansa. Daga baya na gane cewa wannan magana ita ce mafi amfanin abin da ya ba ni, har ta fi maganin da ya rubuta.

Aikin kansa ba ni da abin faɗa mai yawa a kansa, tunda barci nake yi. An yi shi ne ta ƙananan ƙofofi 4, kowace ba ta fi faɗin farce ba, inda ake zura kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta sauran, a kafa wasu 'yan ƙusoshi masu zare a cikin ƙashi, a jawo jijiyar a ɗaure ta a mazauninta. Kafin a sa ni barci, likitan sa barci ya yi mini allura a gefen wuya wadda ta kashe hannun gaba ɗaya, kuma ya gargaɗe ni cewa muryata tana iya dishewa na ɗan lokaci, hakan kuwa aka yi. Da yamma aka sallame ni, ina ta murna cewa ashe abin da ake ta zuzutawa bai kai ya kawo ba.

A nan ne ƙorafina na farko yake, kuma ba ƙarami ba ne. Allurar wuyan ta sake ni wajen ƙarfe 3 na dare, raɗaɗin ya zo gaba ɗaya ba sallama, irin wanda ban taɓa ji ba. Da gari ya waye na karanta takardar sallama da kyau, sai na ga an rubuta a shafi na biyu cewa a fara shan maganin kashe zafi kafin hannun ya farfaɗo. Gaskiya ne an rubuta, amma mutumin da ya tashi daga maganin barci ba ya karanta shafi na biyu, kuma babu wanda ya faɗa wa matata da baki, alhali tana tsaye a wurin. Haka nan babu wanda ya ambaci cewa maganin mai ƙarfi yana ɗaure ciki. Da na faɗa wa likitan a ganinmu na gaba, lokacin da aka cire zare bayan kwana 12, bai kare ma'aikatansa ba, ya ba ni haƙuri, ya ce zai yi magana da su. Ko ya yi ko bai yi ba, ni dai na riga na sha daren.

Mako 6 na yi da hannu a maratayi, dare da rana, ba na cire shi sai don wanka da ɗan motsa gwiwar hannu da yatsu. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba ba zai gane yadda ƙananan abubuwa suke zama manya ba: sa riga, goge haƙora da hagu, ɗaure igiyar wando, buɗe kwalba. Tuƙi kuwa an hana shi ɗungurungum. Kwanciya a miƙe ta gagara, sai na koma barci a kishingiɗe, an jera mini matasan kai a baya da ɗaya a ƙarƙashin gwiwar hannu, kuma wannan dabara daga bakin likitan na same ta. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul ta taimaka fiye da yadda na zata. Abin da ya fi wahala shi ne bin dokar da ya kafa cewa kada in ɗaga hannun da ƙarfin kaina ko sau ɗaya, ko da na ji zan iya, domin jijiya tana buƙatar kamar mako 12 kafin ta kama ƙashi sosai, kuma kafin nan zaren ne kawai yake riƙe da ita.

Ƙorafi na biyu ya shafi gashin ƙashi. Takardar da ya kamata ta bayyana wa mai yi mini gashi girman yagewar da iyakar inda aka yarda a kai hannun ba ta iso ba sai bayan zama 2, don haka ita ma a ɗarare ta fara aiki, tana tambayata abin da ba ni ne ya kamata in amsa ba. Bayan takardar ta zo, tsarin ya tafi daidai. A makonnin farko ita ce take motsa hannun ni kuma in saki jiki, bayan an cire maratayi na fara ɗaga shi da taimakon sanda da igiyar da ake ratayawa a ƙofa, sai a wata na 3 aka ba ni robar ja, wato roba mai miƙewa da ake ja da hannu, don ƙarfafa tsoka. Ina ganin rabin duk abin da na samu na wannan baiwar Allah ne, ko da yake sunan likitan ne kawai mutane suke tambaya.

Wajen mako na 10 na karaya. Hannun ya ƙi wuce kafaɗa, ya yi tauri kamar itace, na fara raya wa raina cewa na fi lafiya kafin a taɓa ni. Na je asibitin a fusace, na jira fiye da awa 2 bayan lokacin da aka ba ni, wanda kuma ba shi ne karo na farko ba, sannan ganin bai wuce minti 10 ba. Duk da haka, a cikin mintocin nan ya auna inda hannun yake kaiwa, ya kwatanta da abin da ya rubuta a zuwan baya, ya nuna mini a takarda cewa ina gaba ne ba baya ba. Ya ce taurin da ake samu a wannan mataki yawanci yakan saki da motsa jiki, kuma ya fi son kafaɗa mai ɗan tauri wadda ɗinkinta ya kama a kan mai laushi wadda ɗinkinta ya sake. Bai rarrashe ni ba, ba shi da wannan halin, amma na fito da abin da zan riƙe.

Duk wanda yake neman likita mai hira da raha ba zai ji daɗin wannan ba, kuma wanda ba zai iya jure dogon jira ba ya shirya wa ɓacin rai. Amma idan ana maganar iya duba mara lafiya, da faɗin gaskiya kafin a sa hannu a takarda, da tsayawa a kan magana ɗaya daga farko har ƙarshe, ban ga inda ya gaza ba, kuma da ɗan'uwana zai samu irin wannan rauni, wurinsa zan kai shi. Sai dai zan tsaya a kansa ranar sallama in tambayi ƙarfe nawa za a fara shan magani, kuma ba zan bar asibitin ba sai takardar gashin ƙashi tana hannuna.

Raɗaɗin dare ya tafi a wata na 4, na koma kwanciya ta ɓangaren dama a wata na 6, kuma yanzu ina ɗaga hannun har sama ba tare da na tuna an taɓa yi masa aiki ba. Abin da ya rage shi ne kai hannu baya zuwa tsakiyar gadon bayana, inda har yau na dama yake tsayawa ƙasa da na hagu da kamar faɗin tafin hannu, da kuma gajiyar da nake ji idan na daɗe ina aiki sama da kaina. Likitan ya ce ƙarfin yana iya ci gaba da ƙaruwa har bayan shekara, ya ba ni ranar komawa nan da wata 2, robar ja kuma tana nan ɗaure a marikin ƙofar ɗakina, ina jan ta safe da yamma.