GARGAƊI: mai sayar da rediyon mota na kurosban ya cinye min dubu 450

Jama'a masu harkar rediyo, musamman 'yan uwana masu lambar kira ta 5N a Najeriya da maƙwabtanmu na 5U a Nijar, akwai wani ɓarawo da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook yana tallar rediyon oba-oba na mota wai tokumbo daga Japan, ya ci min naira dubu 450. Dubu ɗari huɗu da hamsin. Ba zan saka sunan da ya ba ni ba don na gano ba nasa ba ne, sunan wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba, amma skirinshot ɗin hirarmu da alat ɗin banki da bidiyon da ya turo min duk suna nan, ina rufe wasu lambobi ne kawai zan ɗora su.

Abin da nake nema ba wani abin mamaki ba ne. Gonarmu tana cikin kwari ta bayan dutse a wajen Zariya, netwok ɗin waya sai ka hau tudu, oba-oba ta hannu kuma irin su Baofeng UV-5R wat 5 ce kawai, zangunan VHF da UHF da take aiki da su kuwa kusan sai inda eriya ke hangen eriya suke zuwa, dutse ya shiga tsakani shi ke nan ka zama kurma. To dabarar da kowa ya sani ita ce ka ajiye mota a kan tudu da rediyon da ke yin kurosban, wato ya karɓa a zango ɗaya ya watsa a wani, kai kana ƙasa kana magana da ta hannu a zangon 70cm wato 430 zuwa 440, rediyon motar ya ɗauka ya sake watsawa a zangon mita 2 wato 144 zuwa 146 da ƙarfinsa, in abokai sun amsa a mita 2 ya juyo maka da shi a 70cm. Motarka ta zama rifita ke nan. Amma dole rediyon ya zama mai risiba biyu a ciki, ɓangaren hagu da na dama kowanne da nasa, irin Yaesu FT-8800R ko FT-8900R ko Kenwood TM-V71 ko Icom IC-2730, ko na China TYT TH-9800 in aljihu bai kai ba. Ni FT-8800R nake so, an daina ƙera shi shi ya sa sai na hannu.

Kuma kafin wani ya zo min da ai kai ma ka yi garaje, ku tsaya ku ji. Ni ba yau na fara taɓa rediyo ba. Na ɗana wa mutumin nan tarko da gangan a waya, na ce masa Malam to dufuleksa fa, nawa za ka haɗa min da ita? Dufuleksa na'ura ce da ke barin rifita ta karɓa ta watsa a lokaci ɗaya da eriya ɗaya. Ɗan damfara na gama-gari da gudu zai ce kawo dubu kaza. Wannan sai ya yi dariya ya ce haba Injiniya, kurosban ai ba ya buƙatar dufuleksa, wannan sai rifita ta zango ɗaya da ke karɓa tana watsawa da tazarar 600 kHz a mita 2, nan kuwa zangon biyu sun yi nisa da juna, eriya ɗaya mai zango biyu ta wadatar. Wallahi amsar ke nan daidai. Har ya ƙara da cewa kar in bar shi a wat 50 in yana kurosban, don rediyon ne ke watsa maganar kowa, tawa da ta masu amsa min, ba ya hutawa, zai yi zafi kuma yana jan sama da amp 8 a cikakken ƙarfi zai kwantar min da batirin mota, in sauke shi zuwa wat 5 ko 10 in saka ton na CTCSS, wato sautin da sai da shi rediyon zai buɗe, don kar hayaniya ta riƙa buɗe shi. Ku gaya min wane ne zai ji wannan bai yarda ba?? Ya ƙi karɓar kuɗin dufuleksa fa. Kuɗi na miƙa masa da bakina ya ce ba na buƙata. Da za mu ajiye waya ya ce to Injiniya 73, sallamar 'yan rediyo ke nan. Har yanzu muryar tana min yawo a kunne, haba Injiniya, haba Injiniya.

Dubu 380 rediyo, dubu 45 eriya mai maganaɗisu da wayarta, daga baya dubu 25 da zan zo kanta. Ku tara, 450.

Kwalin ya iso tasha da webil, ina buɗewa na ga nob ɗin ƙara guda ɗaya. FT-8800R kowane ɓangare da nob ɗinsa na ƙara da na sikwelc mai toshe hayaniya, allon kuma firikwensi biyu yake nunawa gefe da gefe. Wannan a goshinsa an rubuta FT-7900R. Eh zango biyu yake yi amma ɗaya bayan ɗaya, risiba ɗaya gare shi, ko na ainihi ne ba ya kurosban, ka juya menu har gobe ba za ka ga X-RPT wato kurosban ba. Kuma ko 7900 ɗin ma jabu ne, na ɗora shi a mitar wani abokina ya ba da wat 12 a inda ya kamata a ga 50, rubutun jikin makirufo yana gogewa da yatsa, lambar siriyal ta kwali daban ta jikin rediyo daban.

Af na tsallake maganar lambar kira, wannan tun kafin in tura ko sisi ne. Ya ba ni lamba mai farawa da 5N na shiga QRZ, shafin da ake bincika masu lambar kira, na duba, tana nan, suna ya yi daidai da wanda ya faɗa min, garin ma daidai. Asusun da ya turo ne sunan ya bambanta ya ce na ƙaninsa ne da ke tsare masa shago, wanda a kasuwannin nan namu kowa ya san haka ake yi, ni kaina na sha biyan kuɗin kaya a asusun yaron shago. Sai bayan komai ya lalace wani dattijo a cikinmu ya haɗa ni da mai lambar na gaskiya, mutumin ya ce bai taɓa sayar da ko fis ba, kuma ba ni ne na farko da ya kira shi a kan wannan maganar ba. Bidiyon kuma, bidiyon da ya sa hankalina ya kwanta, 8800 ne na gaske yana kurosban, ana danna ta hannu ɓangaren dama yana watsawa. Hannu kawai ake gani ba fuska. Allah kaɗai ya san inda ya sato shi.

Da na kira shi a kan kwalin bai gudu ba fa, nan ne abin ke ƙona min rai. Ya ɗauka a bugun farko yana salati, wai yaronsa ne ya musanya kwalaye, nawa ya tafi wajen wani kwastoma a Jos, in mayar da wannan tasha in ƙara dubu 25 kuɗin mota da na direban da zai karɓo nawa, zai cire min a ciniki na gaba. Mutumin da ya ɗauki waya ya ba da haƙuri, wanda ya ƙi cin kuɗin dufuleksa, me zai sa in ce ƙarya yake? Na mayar, na tura 25. Wato ko jabun ma ba ya hannuna yanzu, da hannuna na kai masa tasha, wataƙila yana hanyar zuwa wajen ɗayanku a cikin kwalin nan dai. Abin da ya rage min eriya, eriyar dubu 450. Daga nan sai gobe, sai jibi, sai direba ya yi faci a hanya, sai mahaifiyarsa ba lafiya, ranar da na ce masa ya ji tsoron Allah ya yi bulokin ɗina ko'ina.

Maiɗakina har yau ba ta san adadin ba, ta ɗauka dubu ɗari ne. Kuɗin taki ne na taɓa. Na kai ƙorafi banki na kai rahoto wajen 'yan sanda, an ce in jira, ina jira. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Mai son saye, kar ka yarda da bidiyo. A yi kiran bidiyo kai tsaye, ka faɗi firikwensi biyu da bakinka ya saka su a gabanka ya kunna kurosban, ya juya maka siriyal. Sunan asusu in bai yi daidai da mai lambar kira ba kar ka tura. Wanda kuma aka taɓa ce masa "yarona ne ya musanya kwalaye" ya same ni ta inbos mu gwada lambar asusun, skirinshot na zuwa da daddare in an kawo wuta.