Kullutu a jikin hamsta ga aljihu ba nauyi, wanne za ka zaɓa?

Duk wanda ya taɓa shafa hamstarsa, wato ƙaramar dabbar nan mai kama da ɓera da ake kiwo a keji, ya ji wani abu ya tokare masa yatsa a ƙarƙashin gashi ya san yadda gaba ke faɗuwa, abu na farko da ke zuwa rai shi ne cutar kansa, na biyu kuma kuɗi, don kowa ya san kuɗin ganin likitan dabbobi sau ɗaya ma yakan fi kuɗin da aka sayi ita dabbar. Mutane za su ce maka ai ɗan ɓera ne ka sayi wani mana. Ni dai ban yarda da wannan ba, rai rai ne, kuma tunda kai ka sa ta a keji to wahalarta tana wuyanka. Amma kuma ban yarda mutum ya ci bashin da zai hana shi barci a kan tiyatar da wataƙila ba za ta amfane ta ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai hanyoyi da dama, kuma ba kuɗinsu ɗaya ba.

Kafin ka kashe ko sisi ka fara tabbatarwa ciwo ne ma tukuna, don hamsta tana da abubuwa a jikinta da ke tsorata sabon mai kiwo alhali halitta ce. Tana da jaka a kowane kunci da take cusa abinci, jakar nan tana kaiwa har wajen kafaɗa, idan ta cika ta sai ka ga kamar wuyanta ya kumbura gefe ɗaya, ka bar ta zuwa anjima in ta juye abincin za ka ga ya sace. Babbar nan da ake kira ta Siriya tana da tabo mai duhu a kowane kwiɓi, wajen da take fitar da warinta ne, ya fi fitowa a jikin namiji, kuma alamar da za ka gane shi ita ce guda biyu ne, dama da hagu, a waje ɗaya. Ƙananan nau'in hamsta kuma nasu a tsakiyar ciki yake wajen cibiya, wani lokaci har da ɗan ɓawo mai ruwan ɗorawa. Sannan namiji marainansa manya ne idan aka kwatanta da jikinsa, in ana zafi sai su sauko su fito sosai, mutane da yawa sun ruga asibiti a kan wannan. Idan abin da ka gani ɗaya ne daga cikin waɗannan to Alhamdulillahi, kuɗinka ya tsira.

Idan kuma ba su ba ne, yawanci abu biyu ake zargi, ƙurji mai mugunya ko ƙari, wato tsiron nama. Ƙurji yakan taso da sauri, cikin 'yan kwanaki, wajen ya yi ja ya yi ɗumi, tana jin zafi in ka taɓa, sau da yawa kuma akwai dalili, ko cizo daga wata hamstar (ta Siriya ba a haɗa ta da kowa a keji ɗaya, faɗa za su yi), ko wani abu mai kaifi ya soke jakar kunci, ko tushen haƙori ya ruɓe tunda haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro. Ƙari kuma ya fi zuwa wa wadda ta manyanta, yana girma a hankali ko da sauri, wani yana motsi a ƙarƙashin fata wani ya manne da nama. Sai dai gaskiyar magana ita ce da yatsa kaɗai ba a rarrabe su, ko likita da ya shekara yana aikin zato kawai zai yi sai ya soka allura ya gani, don haka duk wanda ya kalli hoton da ka tura ya ce maka tabbas kaza ne, kar ka ɗora shawararka a kan maganarsa.

Hanya mafi arha ita ce jira da sa ido, kyauta ce, amma tana da iyaka kuma ana yinta ne da tsari ba wai ka kau da kai kana fatan ya baje ba. Ka sa rula kusa da kullutun ka ɗauki hoto, ka rubuta faɗinsa da milimita, ka ɗora ta a ƙaramin sikeli mai auna giram ka rubuta nauyinta, ta Siriya takan kai giram 100 zuwa 150, ƙananan kuma 25 zuwa 50 ne, kenan giram 5 da kake ganin ba komai ba ne a jikin ƙarama babbar rama ce. Dabbar da ake farauta a daji irin hamsta ta iya ɓoye ciwo, za ta ci gaba da fitowa tana karɓar abinci a hannunka alhali tana shan wahala, sikeli ne zai tona. A ganina wannan hanyar ta 'yan kwanaki ce kawai, lokacin da kake haɗa kuɗi ko jiran ranar ganin likita da aka ba ka. Ranar da ka ga yana girma, ko ya fashe, ko yana wari, ko ta rage ci, ko ta takure idanu rabi a rufe gashi a hargitse, ko kumburin yana fuska ko wuya, jira ya ƙare. Dabbar da duka rayuwarta shekara 2 zuwa 3 ce, wata guda a wajenta lokaci ne mai tsawo.

Akwai wata hanyar da take kama da arha wadda nake roƙon kowa don Allah ya bar ta, wato magani a gida. Matsewa, fasawa da allura ko reza, shafa man da aka rubuta wa mutum, ɗiga mata ragowar maganin da ya rage a durowa. In ƙari ne ka fasa ka buɗe ciwon da ba zai rufe ba ga zubar jini, jinin jikinta gaba ɗaya kuwa ɗan kaɗan ne. In ma ƙurji ne, mugunyar ba ta fita duka da matsa, bakin zai rufe ya sake taruwa. Mafi haɗari shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta, penisilin da amoksisilin da ampisilin da kilindamaisin da eritromaisin duk suna iya kashe hamsta, suna share ƙwayoyin kirki da ke hanjinta sai miyagun su yi yawa su saki guba, zawo ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki ta tafi. Duk abin da ka shafa mata kuma za ta lashe shi. Maganin ciwon jiki na mutane ma haka, awon da za ta iya ɗauka ƙanƙane ne ƙwarai ba abin da za a kintata da ido ba ne.

Inda nake ganin kuɗinka ya fi yin aiki shi ne ganin likita sau ɗaya, da wuri, tare da gwajin allura in ya ce ya dace. Siririyar allura ake sokawa a zuƙo ɗan abin da ke ciki a shafa a gilashi a duba, in mugunya ce nan take za a gani, in ruwa ne za a gani, in ƙwayoyin ƙari ne sau da yawa ana samun haske ko da ba a gane ainihin irinsa ba. Ya fi yanke nama a aika ɗakin gwaji arha nesa ba kusa ba, wasu likitocin ma a wajensu suke dubawa ba sai sun aika ba, ka tambaya don kuɗin ya bambanta. Wani lokaci sakamakon ba ya nuna komai, wannan ma ka sani tun kafin ka biya. Amma in aka dace ƙurji ne to ka huta, za a ɗan sa ta barci a fasa a wanke a ba ka magani irin wanda jikinsu ke ɗauka kamar enrofuloksasin, da na rage zafi, yawancinsu suna warkewa in ba daga haƙori ya taso ba, shi wannan yana da naci.

Kuma ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da su ba, wasu aikinsu karnuka da kyanwa ne, wasu manyan dabbobi. Ka buga waya tukuna ka tambaya kai tsaye, kuna ganin hamsta, kuna yi musu tiyata, da iskar gas kuke sa su barci? Gara ka biya ɗan ƙari wajen wanda ya saba da ka biya sau biyu.

Sai babbar magana, tiyata. Ita ce ta fi tsada kuma ita kaɗai ce take iya raba ta da ƙarin gaba ɗaya. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne jinkiri yana ƙara kuɗin, ƙaramin kullutu mai motsi a ƙarƙashin fata aikin mintoci ne, in aka bar shi ya girma ya manne sai aikin ya yi tsawo, barcin ya yi tsawo, fatar da za a rufe wajen ma ta yi kaɗan, haɗari ya ƙaru kuɗi ya ƙaru. Sa su barci kansa yana da haɗari fiye da na manyan dabbobi, wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka buga a 2008 ya nuna kusan hamsta 4 cikin 100 sun mutu sanadin sa barci, alhali karnuka ba su kai 1 cikin 500 ba. Jikinsu saurin yin sanyi gare shi a kan tebur shi ya sa ake ɗumama su. Duk da haka ka juya lissafin ka gani, fiye da 95 cikin 100 sun tashi. Ba a hana su abinci kafin aiki kamar yadda ake wa kare don su ba sa amai, in wani ya ce ka bar ta da yunwa tun dare to ka sake tambaya. Bayan aiki kuma matsalar ɗinki ce, suna cizge zare, shi ya sa ake ɓoye ɗinkin a cikin fata ko a manne da gam na tiyata.

Wa tiyata ta dace da ita? A nawa ra'ayin, hamsta mai shekara ɗaya ko ƙasa da haka ko ma ɗaya da rabi, tana ci tana gudu nauyinta bai sauka ba, kullutu ɗaya ne a fata, wannan in da hali a yi, kuma a yi da wuri. Wadda ta haura shekara 2 ta rame, ko kullutun ya fi ɗaya, ko kumburin a cikin ciki yake, ko numfashinta ya canza, wannan ko kuɗin na nan ni zan yi tunani sau biyu, don ana iya cirewa ya dawo, ko ya riga ya bazu. In za ka yi, ka nemi a rubuta maka kuɗin dalla-dalla, za ka ga akwai abubuwan da ake iya cirewa. Aika ƙarin ɗakin gwaji bayan an cire yana gaya maka sunansa da ko zai dawo, amma in sanin ba zai canza abin da za ka yi ba kana iya barinsa. Hoton eksire ko sikanin kuma wani lokaci shi ke hana ka asarar kuɗin tiyatar da ba ta da amfani, wannan ka bar wa likita ya faɗa maka ko ya zama dole. Maganin rage zafi dai ba a cire shi, ko me za a rage.

Kar ka ji kunyar cewa ga iya abin da nake da shi, likitoci sun saba jin haka kuma ya fi musu sauƙi su tsara maka aiki daidai aljihunka. Wasu suna karɓar biya kaɗan-kaɗan, asibitocin koyarwa na jami'o'i wani lokaci suna da sauƙi, a wasu ƙasashe kuma akwai ƙungiyoyin agaji, kamar PDSA da Blue Cross a Birtaniya, masu duba dabbobin marasa hali in mutum ya cika sharuɗɗansu. Inshora kuwa ba za ta cece ka yanzu ba, ba sa biyan ciwon da ya riga ya fito kafin ka shiga.

In tiyata ba ta yiwu ba, ko don kuɗi ko don shekaru, akwai lallaɓawa, kuma wannan ba sakaci ba ne in an yi shi yadda ya kamata. Likita zai rubuta maganin zafi na ruwa, yawanci meloksikam, ɗigo ne ƙanƙane ake bayarwa, ƙaramar kwalba tana daɗewa shi ya sa kuɗinsa bai da yawa. Kai kuma sai ka gyara keji, ka cire benaye da tsani da bututun da take matsewa a ciki, in kullutun yana gogar wilin gudu ka cire shi ko ka sa mai faɗi marar ƙarfuna, shimfiɗa ta zama ta takarda mai laushi ba audugar nan mai zare da ke naɗe ƙafa ba, ruwa da abinci kusa da makwancinta, in tauna na ba ta wuya ka jiƙa abincinta da ruwa ya yi laushi. Wasu suna yin makonni wasu watanni a haka suna harkarsu, suna tara abinci suna gyara gado. Ka ci gaba da awo duk mako.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a son faɗa, a sa ta barcin da ba ta tashi. Kuɗinsa ya fi na tiyata sauƙi sosai, kuma akan fara sa mata gas ta yi barci tukuna kafin allurar, ba ta sanin komai. Lokacinsa shi ne in ƙarin ya fashe ya ƙi rufewa, ko tana cizon wajen har jini, ko ta daina ci, ko tana jan jiki ba ta iya kaiwa ga ruwa, ko numfashi na yi mata wuya. Don Allah kar a yi wannan a gida ta kowace hanya, kar kuma a sake ta a waje da sunan a bar wa Allah, dabbar keji ce marar lafiya, yunwa ko kyanwa ce za ta same ta. Shi ya sa ko wace hanya ka ɗauka, tun ranar farko ka tambayi kuɗin wannan ka ware shi gefe kar ka taɓa, in ya so sauran ka raba tsakanin ganin likita da gwajin allura da maganin zafi, abin da ya ragu shi zai nuna maka ko za a iya maganar tiyata.